Motar da 'Ya'yana Suke Tsoro

Ina da shekara tara na raka mahaifina wata ma'aikata karɓar takarda. A kekensa muka je, yana tuƙi ina baya. Da muka isa bakin get, maigadi ya ɗaga mana hannu ya ce mu koma gefe mu jira. Muna tsaye cikin rana sai ga wata doguwar mota baƙa. Tun kafin ta ƙaraso ya ruga ya wangale ƙofa, ya ƙame yana sara wa gilashin da ko fuskar mai motar ba a gani. Mahaifina bai ce uffan ba. Ya ciro hankici ya share gumin goshina, sannan ya share nasa, muka ci gaba da jira. Allah ya jiƙansa, har ya rasu bai taɓa tayar da zancen ranar ba, ina jin ma ya manta. Ni ne ban manta ba. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina ɗauke da wannan get ɗin a ƙirjina, kuma shi ne ya zaɓa mini mota ranar da Allah ya hore mini kuɗin saye.

A 2018 ne abin ya faru. Ni ɗan albashi ne, da mata da 'ya'ya uku, ga mahaifiyata tana zaune tare da mu tana fama da hawan jini da ciwon gwiwa. Shekara huɗu muka yi muna tari ni da maman yara, har da ribar ɗinkin da take yi, domin tsohuwar ƙaramar motarmu ta gaji, kuma ta yi mana kaɗan. Mun zauna mun yanke shawara a kan Toyota Camry ta hannu, ƙirar 2013, mai silinda huɗu da injin lita 2.5. Ba da ka muka zaɓe ta ba. Mota ce da tun daga 2002 take riƙe da kambun ƙaramar motar da aka fi saye a Amurka shekara bayan shekara, kuma motar da ta yi yawa haka a duniya ba a wahalar samun kayanta, ba a rasa makanikin da ya san cikinta. But ɗinta yana cin lita ɗari huɗu da wani abu, zai ɗauki keken guragun da muke tunanin saya wa Hajiya. Bayanta zai ɗauki yara uku ba tare da rigima ba.

Na fita daga gida da sunan Camry a bakina. Na same ta kuwa, fara tas, na zagaya ta, na buɗe bonet, komai lafiya. To amma a gefenta akwai wata baƙa, motar alfarma, ƙirar 2009. Ba zan faɗi sunan kamfaninta ba, domin abin da ya biyo baya laifina ne, ba nasu ba. Dillali ya lura da inda idona yake komawa. Ya matso ya rage murya ya ce, "Yallaɓai, ai ka wuce ajin waccan. Shiga wannan ka zauna kawai, ba sai ka saya ba."

Na shiga. Har yau ina iya jin ƙarar rufuwar ƙofar nan, wani ɗan dum mai nauyi, daga nan hayaniyar titi ta ɗauke kamar an toshe mini kunne. Kujerun fata ne ruwan madara. Na taɓa wani maɓalli kujera ta matsa da kanta ta rungume mini baya. Da na tayar da ita, silinda shida da tabo, wato na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska don ƙara masa ƙarfi, sai da na kalli allurar dashbod kafin na yarda injin yana aiki. Da ya faɗi kuɗinta kuma sai gabana ya faɗi don murna, domin abin da ta ɗara Camry bai kai albashina na wata biyu ba.

Daga nan wurin na kira yayana, wanda ya shekara ashirin yana tuƙi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ƙanina, tambaya ɗaya zan yi maka. Motar da sabuwarta ta ninka Camry sau biyu ko uku, me ya sa yau suka dawo kusan kuɗi ɗaya? Kuɗinta ne ya faɗi, kuɗin kayan gyaranta yana nan inda yake. Mai ita na farko ya sha daɗinta, kai za ka biya kuɗin tsufanta." Ya ƙara da cewa in dai taushi da shiru nake nema, in ƙara haƙuri in nemi Lexus ES, motar alfarma ta kamfanin Toyota, tunda tun fitowar Lexus a 1989 ES ɗin farko a kan ginin Camry aka ɗora shi, kuma dangantakar ba ta yanke ba. Na ce masa na ji. Ban ji ba. Kunnena ya ji, zuciyata tana can bakin get tana kallon maigadi.

Da na shigo da ita gida yara suka fito da gudu suna tsalle. Maman yara ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi motar, ta dube ni, ta ce, "Allah ya sanya alheri, ya tsare." Sai da dare, bayan kowa ya kwanta, ta ce, "Abban yara, ba wannan muka yi magana ba." Na ce mata dama ce ta zo, kuma dama sau ɗaya take zuwa. Ba ta ƙara magana ba. Kuɗin ɗinkinta na shekara huɗu suna cikin motar nan, ban ko kira ta a waya ba kafin in biya.

Zan faɗi gaskiya a kan motar, domin ba na son in zalunce ta. Wata shida na farko na ji daɗin da ban taɓa ji ba a kan titi. In yi tafiyar awa biyar in sauka kamar daga ɗaki na fito. An buɗe mini ƙofofin da a da sai na yi bayani. Mutanen da ke kiran sunana kai tsaye suka koma cewa ranka ya daɗe. Akwai kuma wata rana da ake ruwan sama, wata babbar mota ta yanko mini ba zato, na taka birki iya ƙarfina na karkata sitiyari, na ji feda tana kakkarwa a ƙarƙashin ƙafata, motar ta kauce ta miƙe ba ta juya ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Manyan motoci su ne suka fara kawo irin waɗannan na'urori: birkin ABS mai hana taya kullewa ya fito a Mercedes S-Class a 1978, na'urar hana mota zamewa kuma a 1995, duka tare da kamfanin Bosch. Na riƙa ba mutane wannan labari a matsayin hujjar cewa don tsaron iyalina na saye ta. Abin da ban faɗa musu ba, kuma na sani sarai, shi ne waɗannan abubuwa sun daɗe da saukowa ƙasa. Daga ƙirar 2012 doka ta wajabta na'urar hana zamewa a kan kowace sabuwar ƙaramar mota a Amurka, Tarayyar Turai ta bi baya a 2014. Farar Camry da na bari a wurin dillali tana da duka biyun, ga jakunkunan iska gaba da gefe, ga maƙalan kujerar jarirai a baya.

Daga mai aka fara. Injin tabo irin nata yana son fetur mai lambar inganci 95 ko sama. In an ba shi wanda bai kai ba sai ya fara ƙwanƙwasa, kwamfutar motar ta ja wuta baya don kare shi, ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru. Da na auna da kaina, cikin gari da cunkoso tana shan lita 15 zuwa 16 a kilomita 100. Juyen baƙin mai kuma kusan lita bakwai take ci, na musamman, wanda ba a haɗa shi da kowane iri. Sai taya. Wilinta inci 19 ne, robar siririya kamar an shafa ta, rami ɗaya mai kaifi ya ishe ta kumbura a gefe. Tayoyin irin masu tafiya ba iska ne, waɗanda bayan sun huje za su iya kai ka kimanin kilomita 80 in ba ka wuce gudun 80 ba, saboda haka motar ba ta zo da safaya ba. Na ɗauka ci gaba ne, sai ranar da mai faci ya juya tayar ya girgiza kai ya ce irin wannan in an yi tafiya a kanta ba iska sai dai sabuwa. Ko batir da ya mutu, ban isa in saya in ɗaura in tafi ba, sai an jona kwamfuta an sanar da motar cewa an sa mata sabo, in ba haka ba za ta ci gaba da cajinsa kamar tsoho ta kashe shi da wuri.

Duk wannan maman yara tana rubutawa. Tana da wani ƙaramin littafi mai jan bango da take lissafin gida a ciki, ta ware wa motar shafuka a ƙarshe. Ba ta taɓa nuna mini don gori ba. Ni ne wata rana ina neman biro na buɗe na gani: kwanan wata, abin da ya lalace, abin da aka biya, da inda aka samo kuɗin. A wurin "inda aka samo" ne idona ya tsaya. Kuɗin makarantar babban yaro, an jinkirta. Keken Hajiya, an ɗaga. Sabon keken ɗinki, an fasa. Na rufe littafin na mayar da shi inda yake, na yi kamar ban gani ba.

Babban ciwon shi ne ƙafafunta. Irin wannan mota ba ta zaune a kan sifirin na ƙarfe kamar sauran motoci, a kan jakunkunan roba masu cike da iska take, da wani ɗan injin hura iska da makanikai ke kira kwamfiresa. Shi ne sirrin taushin da ya sace mini zuciya. Amma roba tana tsufa. Bayan shekara tara ko goma sai ta fara tsattsagewa a wurin lanƙwasa, iska ta riƙa zurarewa a hankali, kwamfiresa ta yi ta aiki ba hutu don cike giɓin har ita ma ta ƙone. Makanikin da ya iya ta, wanda sai na ratsa gari kafin in kai gare shi, ya gaya mini tun da wuri: "Alhaji, bayanta ya fara zama da safe. A canja biyun yanzu kafin su ja kwamfiresa." Ba ni da kuɗin a lokacin. Na ce a bari sai ƙarshen wata.

Ƙarshen watan bai zo ba. Wani dare wajen ƙarfe biyu Hajiya ta tashi da jiri da matsanancin ciwon kai, maganarta tana sarƙewa. Na fito da gudu da makulli, na haska fitila, na ga bayan motar ya durƙushe har tayoyin sun shige cikin jiki. Na tayar, na jira in ji kwamfiresa ta ɗauka, shiru, sai jan rubutu a dashbod. Maƙwabcina na buga wa ƙofa. Ya fito ba ko takalmi, ya tayar da tsohuwar Corolla ɗinsa wadda fentinta ya ƙoƙe, bugu ɗaya ta tashi. A bayanta na rungume mahaifiyata har asibiti. Likita ya ce da mun ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Alhamdu lillahi ta tashi.

Kowa zai zaci a nan na farka. Wallahi ban farka ba. Na ci bashi na canja jakunkunan da kwamfiresa, na gaya wa kaina cewa yanzu ai an gama da babbar matsala, sayar da ita bayan wannan kashe kuɗi hasara ce. Haka son zuciya yake, kullum yana da lissafin da zai kawo maka.

Abin da ya karya ni ƙarami ne a ido. Tun farkon zuwan motar na kafa dokoki: ba a shiga da takalmi mai ƙura, ba a taɓa gilashi, ba a jingina ƙafa a bayan kujera. Wata rana ɗana na tsakiya, yana da shekara shida, ya ja layi da biro a kan fatar kujerar baya, layin bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Na daka masa tsawar da ban taɓa yi wa wani ɗa nawa ba, na buge masa hannu a gaban 'yan'uwansa. Daga ranar motar ta yi tsit. In na duba madubi sai in ga su uku a jere, hannuwa a kan cinya, ƙafafu a tattare, ba mai motsi. Ni kuwa har daɗi nake ji, ina cewa sun koyi tarbiyya.

Bayan wata biyu aka kira ni daga makaranta cewa autarmu, mai shekara biyar, tana zazzaɓi. Na je na ɗauko ta, na zaunar da ita a baya na ɗaura mata bel. Muna cikin tafiya na ji wani ɗan sauti, na duba madubi. Ta zuge jakar makarantarta ta cusa fuskarta ciki tana amai a kan littattafanta, hannunta ɗaya yana riƙe da bakin jakar gam don kada ko ɗigo ya zuba. Na gangara gefen titi na buɗe ƙofar baya. Jikinta zafi rau, idanunta sun yi ja, tana rawar sanyi. Ta ɗago ta dube ni, abin da ya fara fitowa daga bakinta shi ne, "Abba, kar ka yi faɗa, ban ɓata maka mota ba."

Na durƙusa a bakin titin nan na rungume ta da aman da komai, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Shi a kan keke ya ɗauke ni, kuma ban taɓa jin tsoron keken nan ba ko sau ɗaya. Na sha zuba masa ƙasa a sarƙa, na sha karya masa ƙararrawa, ya gyara bai ce komai ba. Ranar da aka wulaƙanta shi a bakin get, gumina ya fara sharewa kafin nasa. Ni da na sayi mota don in rama masa, ga 'yata ba ta da lafiya amma kujera take tunani.

A daren na ɗauko littafin mai jan bango da kaina na ajiye a gaban maman yara. Na ce mata na karanta tun tuni. Na roƙe ta gafara a kan kuɗinta da na kashe ba da shawararta ba, da kuma shirun da na bar ta ta yi ta haɗiya shekara biyu. Ta daɗe ba ta yi magana ba, sannan ta ce, "Ni ba motar ce ta dame ni ba, Abban yara. Mutumin da ka koma a cikinta ne." Washegari na kira na tsakiyan na ba shi haƙuri a gaban 'yan'uwansa, tunda a gabansu na buge shi.

Sayar da ita ma sai da ya zama jarrabawa. Wata uku tana ajiye. Masu zuwa kallo da yawa, kowa ya zauna ya shafa fatar ya yaba, in aka zo ciniki sai ya fara lissafa mini abubuwan da yayana ya lissafa mini a waya. Ƙarshe na sallama ta a kusan rabin abin da na saye ta, ban da duk abin da na zuba a gyara. Wanda ya saya na gaya masa komai, na ba shi takardun gyaran da lambar makanikin, domin ba na son in yi wa wani abin da zai kwana yana yi mini Allah ya isa. Kuɗin ba su kai Camry irin wadda na bari ba, domin ita ba ta faɗi kamar tawa ba. Sai da yayana ya cika mini, muka samu ƙirar 2012 wadda ta fi waccan cin hanya, kujerun yadi, da ɗan tabo a ƙofar baya. Bai ce mini ai na gaya maka ba. Ya dai zagaya ta, ya leƙa ƙarƙashi, ya ja sandar baƙin mai ya duba, ya ce, "Wannan za ta riƙe ku."

Ta riƙe mu kuwa. Baƙin manta bai kai lita huɗu da rabi ba, fetur ɗin da aka samu shi take sha, cikin gari lita 10 zuwa 11 a kilomita 100. Wilinta inci 16 ne da roba mai kauri, safaya tana kwance a but. Injinta sarƙa yake amfani da ita wajen daidaita bugunsa ba bel ɗin roba ba, an rage mini wannan fargabar. Ba wai ba ta lalacewa ba ne. Na canja shokozoba, na canja famfon ruwa, na gyara birki ba sau ɗaya ba. Bambancin shi ne in ta yi ciwo, makanikin da ke kusa ya san maganinta, a gama a yini ɗaya, kuma ba a taɓa kuɗin makarantar kowa. An sayi keken Hajiya, yana shiga but ya bar wurin kaya.

Ban zama maƙiyin manyan motoci ba. Har gobe in irin waccan baƙar ta wuce ni sai na bi ta da kallo, kuma a doguwar tafiya bayana yakan tuna mini da kujerarta. Wanda Allah ya buɗa wa, wanda zai iya canja ƙafafunta huɗu a yini ɗaya ba tare da gidansa ya ji a jika ba, kuma yana da wata motar da zai tayar in wannan ta kwanta, ya hau abarsa, halalinsa ne. Ni dai a 2018 kuɗin sayenta kawai nake da shi, ba ni da kuɗin riƙe ta, kuma na san haka tun ina zaune a cikinta a wurin dillali.

Yanzu akan tsayar da ni a bakin get. A tambaye ni wurin wa na zo, wani lokaci a ce in koma gefe wata ta wuce. Ranar farko da hakan ta faru na ji tsohon ciwon ya motsa, ba zan ɓoye ba. Babban ɗana yana gefena a ranar, na saci kallonsa in ga ko abin ya taɓa shi kamar yadda ya taɓa ni ina yaro. Labarin ƙwallo yake ba ni, ko tsayawa bai yi ba.

Kwanakin baya muna dawowa daga tafiya da daddare, su ukun sun cika motar da surutu da musu har suka gaji. Na duba madubi na ga autar, wadda yanzu ta zama 'yar budurwa, ta miƙe ƙafafunta a kan kujera da takalmanta, kanta a kafaɗar yayanta, bakinta a buɗe tana barci. Mamansu ta juya za ta tashe ta ta sauke ƙafa. Na taɓa hannunta na ce ta ƙyale ta, na rage rediyo, na sassauta gudu saboda ramukan da ke gaba.